LAKA MA TANA DA TARIHI: ABIN DA NA GANI A GIDAN KAYAN TARIHI NA JOS

Gabatarwa

Ran Asabar 11 ga Agusta, 1923 ba a haife ni ba, balle in ba da labari, amma ran Juma'a 11 ga Agusta, 2023 ina da rai, kuma ba zan manta da ita ba. A ran nan ne, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufto a kan masallata, mutane da dama suka riga mu gidan gaskiya, wasu suka ji rauni. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba danginsu haƙuri.

Ni Bazazzagi ne, cikin ganuwa aka yanke mini cibi. Tun ina riƙe da hannun mahaifina nake shiga masallacin nan, na kuwa yi salla a cikinsa sau ba adadi. Amma in faɗi gaskiya, ko da ranar wanka ce ba a ɓoyon cibi, ban taɓa ɗaga kai na dubi rufinsa da idon basira ba, sai da ƙungiyarmu ta Hausa ta kai mu ziyara Jos shekarun baya, sa'ad da nake ɗalibi. Can, a garin da ba namu ba, na fara sanin abin da muke da shi a gida. Don haka da labarin rushewar ya zo mini, bayan addu'a ga mamata, ziyarar nan ce ta fara faɗo mini a rai.

Dalilin wannan rubutu shi ne in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu labarin abin da na gani, da tarihin da ke bayansa. Mu masu nazarin Hausa mun ba da ƙarfinmu ga abin da baki ya furta da abin da alƙalami ya rubuta, watau waƙa da tatsuniya da karin magana da ƙagaggun labarai. Wannan daidai ne. Sai dai akwai wata fasaha da hannu ya yi da ƙasar da muke takawa, wadda ita ma tarihi ce, ta kuwa fi takarda saurin salwanta in an yi sakaci da ita. Iri uku na gani a Jos: laka da aka yi siffar mutum da ita, da laka da aka yi tukunya da ita, da laka da aka yi ɗaki da ita.

Yadda Gidan Ya Samo Asali

Mun tashi daga Zariya da sassafe, muka bi ta Pambeguwa da Saminaka, muka hau tsaunukan Jos da hantsi. Kafin mu shiga gari mun riƙa ganin tafkuna da tarin jar ƙasa a gefen hanya, malamin da ya jagorance mu ya ce mana tsofaffin ramukan kuza ne. Ya ce mu lura da su da kyau, domin daga cikin irin ramukan nan gidan da za mu gani ya fito.

Bayanin maganarsa shi ne, tun farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turawa suka dirar wa wannan yanki don haƙar kuza. Saboda ita aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Jos, wadda ta yi aiki daga 1914 har 1957. Dubban leburori, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka yi ta haƙa da diga da shebur, suna ɗaukar ƙasa a kwano. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma, daga 1942 zuwa 1944, tilas aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin. To, cikin ƙasar da suke juyawa ne wasu abubuwa suka riƙa fitowa waɗanda ba kuza ba.

A 1928, a kusa da ƙauyen Nok na ƙasar Jaba, cikin Jihar Kaduna ta yanzu, aka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshiyar laka a filin haƙar wani Bature mai suna Kanar Dent Young. Aka kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya san ko mene ne. Shekara goma sha biyar bayan haka, watau 1943, aka sake tono wani kan a wajen Jama'a, wannan karon babba, mai kyan gaske. Wani ma'aikacin wurin ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya don ya tsorata masu ɓarna. Ya daɗe yana wannan gadi kafin labarinsa ya kai kunnen wani matashin jami'in mulki, Bernard Fagg, wanda ya karanta ilmin binciken kufai a Ingila. Da ya ɗora shi kusa da na 1928 sai ya ga lalle hannun mutane ɗaya ne. Daga nan ya bi filayen kuza yana roƙon masu haƙa da su daina yar da abin da suka tono. Ya sa wa wannan fasaha sunan ƙauyen da aka fara samunta, ya ce da ita Nok.

Da kaya suka taru sai aka rasa wurin ajiya. Fagg ya tsaya tsayin daka har aka gina gidan, aka buɗe shi a 1952. Shi ne na biyu a Nijeriya, bayan ɗan ƙaramin da aka buɗe a Esie a 1945, ya kuwa riga na Ikko, wanda sai 1957 aka buɗe. A 1953 aka yi dokar kare kayan tarihi, a 1979 kuma aka kafa hukumar da ke kula da gidajen kayan tarihi na ƙasa baki ɗaya. Ba zan wuce nan ba sai na ce wani abu: littattafai sun adana sunan Young da na Fagg, amma leburorin da shebur ɗinsu ya fara taɓa kawunan nan, ko ɗaya ba a rubuta sunansa ba.

Kawunan Nok

Wani dattijo ma'aikacin gidan ne ya zagaya da mu. Ya fara kai mu inda aka jera kayan Nok cikin akwatunan gilashi. Na tsaya gaban wani kai, na daɗe ina dubansa. Idanunsa manya ne, masu kusurwa uku, an huda tsakiyarsu, haka ma an huda hanci da kunnuwa. Jikinsa garas-garas yake saboda tsakuwar da ke cikin lakar, domin santsin da aka shafe shi da shi ruwa da ƙasa sun cinye. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gyaran gashi. An tufke shi tsibi-tsibi, an tsaga shi a tsanake, kai ka ce yanzu aka tashi daga gaban makitsiya. A wasu gutattsarin kuma ana ganin duwatsun wuya da warwaro jere reras.

Dattijon ya ce mana cikinsu rami ne, ba cike suke ba. Yadda maginiyar tukwane ke murza laka ta yi ta kamar igiya ta riƙa ɗorawa, haka aka gina su, sa'an nan aka sassaƙe fuskar tun lakar ba ta gama bushewa ba. Hudojin nan na ido da hanci, ban da kyan da suka ƙara, suna barin iska mai zafi ta fita wajen gashi don kada abin ya fashe. Duk wanda ya taɓa ganin yadda tulu ke tsagewa a matoya ya san gasa siffa babba ba tare da ta fashe ba aikin gwani ne.

Muna nan tsaye sai wani abokin karatuna ya ja da baya, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mu da muka zo neman ilmin Hausa, me ya haɗa mu da gumakan mutanen da?"

Malam ya yi murmushi ya ce, "Kai ɗan samari, bauta muka zo yi ko bincike? Alƙali yakan dubi wuƙar da aka kawo gabansa, ba don ya yi yanka da ita ba, sai don ta ba shi shaida. Waɗannan shaidu ne. Ka saurara ka ji abin da za su gaya maka."

Shaidar da suka bayar kuwa ba ƙarama ba ce. Cikin shekarun 1960 Fagg ya yi haƙa a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, ya sami kayan Nok tare da murahun narka tama. Da aka auna shekarun gawayin da ke ciki sai aka ga sun kai kimanin shekara 2,500. Ke nan wuraren nan suna cikin mafi daɗewar inda aka narka ƙarfe a Afirka ta Yamma. 'Yarsa Angela ita ma ta yi haƙa a wani wuri da ake kira Samun Dukiya. Daga 2005 masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, suka shafe shekaru suna bincike a kudancin Kaduna. Sakamakonsu ya nuna mutanen nan sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), sun fara yin siffofin laka wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, fasahar kuma ta ɓace daf da zamaninsa. Galibin siffofin a farfashe aka same su, an binne su da gangan, sau da yawa kusa da jerin duwatsu da masanan ke ganin kaburbura ne, don haka suke danganta su da al'adun binne mamaci.

Kada wani ya ɗauka ina cewa mutanen Nok kakannin Hausawa ne. Ba su bar rubutu ba, sunan ma da ake kiransu da shi na aro ne. Amma ga wani abin lura. Ƙwayoyin hatsin da suka ƙone a kufansu sun nuna gero da wake suke nomawa. A 2021 kuma aka bayyana cewa an sami alamar kakin zuma a jikin tukwanensu, watau shekara 3,500 da suka wuce ana shan zuma a wannan ƙasa. Mutumin da ya noma gero da wake, ya sha zuma, ya yi ƙira, ya yi kitso, ko da ba danginka ba ne, ai maƙwabcinka ne a zaman duniya. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa.

Abin baƙin ciki shi ne yadda aka yi da wannan gado. Da Turai ta san darajarsa sai kasuwa ta buɗe. Cikin shekarun 1990 dillalai suka riƙa ba talakawa 'yan kuɗi kaɗan suna tone kufai dare da rana, ana haurar da kayan waje. A wannan zamanin ne wasu siffofin laka daga ƙasar Sakkwato da ta Katsina suka bayyana a kasuwannin Turai, watau daga tsakiyar ƙasar Hausa, an tone su ba tare da an rubuta inda suka fito ko abin da ke kusa da su ba. Abin da aka tone haka ya zama kamar shafi guda da aka yage daga littafi: ga rubutu, amma ba a san abin da ya gabace shi ko ya biyo bayansa ba. A shekarar 2000 aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan Louvre na Faris, aka yi ta ƙorafi, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Shi kansa gidan Jos ɓarayi sun shige shi a 1987, suka yi gaba da kaya masu daraja, har da wani kan tagulla na Ife. Mai gonar doyar nan na 1943 bai san abin da yake da shi ba, amma bai sayar ba. Mu da muka sani fa?

Zauren Tukwane

Daga nan muka wuce inda aka tara tukwane. Nan kam kowa ya saki jiki, domin ba wanda bai tashi ya ga randa a ɗakin uwarsa ba. Ga tuluna da randuna da kasake da kwatarniyoyi da tukwanen miya, daga ƙabilu daban-daban na Nijeriya, kowace da irin wuyanta da irin zanenta. Wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, wadda ta fara zuwa ƙasar nan tun 1907, ita ta bi kasuwanni da ƙauyuka cikin tsufanta tana saye tana tarawa, a 1970 kuma aka buga littafinta a kansu.

Wata ɗaliba a cikinmu ta nuna wani tulu ta ce, "Baba, wannan ai irin na kakata ne, har ta ba almajirai shi da aka kawo mana na roba. Me ya sa aka kawo shi nan?"

Dattijon ya ce, "'Yata, kin ba kanki amsa. Don an kawo na roba."

Ya ƙara da cewa mu lura, babu wadda aka yi a kan injin juyi, duk da hannu aka ɗaga su, amma da wuya ka ga wadda ta karkace. Kuma laka mai 'yan ƙofofi ita ke barin ruwa ya tsattsafo, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Ilmi ne da aka gada uwa da 'ya, uba da ɗa, ba a rubuce ba.

A jikin kowace tukunya akwai takarda mai faɗin ƙabila da gari, amma ban ga ana ambaton wadda ta gina ba. Wannan ya tuna mini da mace guda da sunanta ya tsira, watau Ladi Kwali, Bagwariya daga ƙauyen Kwali. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, jikan sarakunan Zazzau na Haɓe da suka yi kudu bayan jihadi, ya riƙa tara tukwanenta a fadarsa saboda kyansu. Can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Da ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ba ta bar zanen da ta gada ba, na ƙadangare da kunama da kada da kifi da hawainiya. An baje aikinta a Landan, ta zagaya Turai da Amurka tana nuna gwaninta, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta, alhali ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a 1984, hotonta ne kuma a bayan takardar naira ashirin. Tambayata ita ce, Ladi nawa aka yi a ƙasar nan waɗanda ba su sami sarkin da zai tara aikinsu ba?

Masallacin Zariya A Tsakiyar Jos

Bayan azahar aka kai mu wani fili mai faɗi inda aka gina kwaikwayon manyan gine-ginen gargajiya na Nijeriya, kowane daidai girman na asali. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, shi ya kawo shawarar. Daga 1958 zuwa 1965 shi da mataimakansa 'yan Nijeriya suka zagaya ƙasa suna auna gidaje da fadoji da masallatai suna zanawa. Ya dawo a 1972, ya zauna har 1981 yana lura da aikin, magina na gargajiya kuwa su suka ɗora tubali. Ya rasu a 1982, sai a 1990 aka buga littafinsa mai juzu'i uku.

Mun fara da wani yanki na badalar Kano, wadda Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ta, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa. Muka ga sashen fadar Katsina. Muna juyawa sai na yi turus, domin ga masallacin garinmu a gabana, amma a siffar da ban taɓa ganinsa ba. Dalili kuwa shi ne cikin shekarun 1970 an yi sabon gini na siminti a Zariya wanda ya lulluɓe tsohon, har wasu sassan na waje suka tafi. Mu 'yan baya cikinsa kawai muka sani. A Jos ne na fara ganinsa tsaye a fili, da tulluwarsa da kaurin bangonsa.

Asalin masallacin an gina shi ne cikin shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), wanda gidan sarautar Katsinawa ya faro daga kansa. Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, har yau kuwa akwai unguwa mai wannan suna a birnin Zariya. Shi ake danganta wa Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda aka gina wajen 1860, aka kuma sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa a 1956. A baka ana ba da labarin wai wani sarki da ya yi wa gini ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani wanda ya fi. Irin wannan labari ana ba da shi game da gwanayen magina a ƙasashe da yawa, abin da yake nunawa shi ne girman da mutane suka ba aikinsa.

Da muka shiga ciki dattijon ya ce mu ɗaga kai. Ya tambaye mu, "Samari, wa zai gaya mini abin da ya riƙe wannan rufi?" Muka yi tsit. Mu ne masu digiri a Hausa gobe, amma ba wanda ya iya kiran sunan abu ɗaya. Shi ya riƙa nunawa da sandarsa yana faɗa mana.

Ya ce da birji ake farawa, a kwaɓa shi da ruwa da ciyawa, a bar shi ya ruɓa, a murza tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. In an zo ɗorawa tsinin ke duban sama, a cike tsakani da laka, bango ya tashi da kauri a ƙasa yana sirancewa. Rufi kuwa da azara ake yi, watau tsagin giginya, don gara ba ta cinta. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin laka in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. To, yaya za a rufe zaure mai faɗi? Nan gwaninta take. Sai magini ya dasa azara cikin bango ko ginshiƙi ta ɗan leƙo, ya ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, daga wancan gefe ma haka, hawa-hawa, har su haɗu a sama, a yaɓe su da laka. Wannan shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna, an sami ɗaurin guga, a kansa ake shimfiɗa azara a yi tulluwa. Daga waje a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, don ruwa ya zame ya bi indararo. Sa'an nan ya nuna mana zanen da aka tayar a jikin ginshiƙai, manya-manya, masu zurfi, ba irin ƙananan da ake yi wa fuskar zaure ba.

Na tsaya ƙarƙashin bakunan nan ina jin kunya. Mutum ya ɗauki ƙasa da itacen giginya da igiya, ba siminti, ba rodi, ya yi rufin da ya yi kusan shekara ɗari biyu a tsaye, ni kuwa na yi shekara ashirin ina sujada a ƙarƙashinsa ban san sunan maginin ba. Gani ya kori ji.

Kafin mu fita na ce, "Baba, wannan na nan zai daɗe kamar na gida?"

Ya ce, "Ɗana, ginin ƙasa kamar doki yake, kullum sai da kiwo. Kowace shekara kafin damina a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Shekarar da aka bari, ruwa ya sami hanya. Ba ka ji an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga ba?"

Maganar nan ita ta dawo mini a Agustan 2023.

Kammalawa

Ba ina kira a koma zaman da ba ne, ko a bar jama'a su yi salla ƙarƙashin rufin da ya gaji. Ran mutum ya fi kowane gini. Abin da nake cewa shi ne ilmin da ya tayar da ginin nan, wanda kuma shi ne ke iya gane ciwonsa tun bai yi tsanani ba, yana kan mutane ne, mutanen kuwa suna ƙarewa. Sana'ar ba ta mutu ba tukuna. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, a Jamhuriyar Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara wani masallacin ƙasa a 1962, wanda a 1986 ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini, ya shiga sahu ɗaya da ayyukan manyan masana na duniya. Hasumiyar Agadas ma, da ta Gobarau a Katsina, suna tsaye ne don an sami masu kiwonsu.

Don haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Ta farko, kowane ɗalibi in ya tafi hutu ya nemi Sarkin Magina na garinsu, ko wata tsohuwa maginiyar tukwane, ya zauna gabansu da ladabi, ya rubuta sunayen kayan aikinsu da matakan aikin, da sunayen waɗanda suka koya musu, iyakar inda suka iya tunawa. Kalmomi irin su ɗaurin guga da laso da makuba Hausa ce tsantsa, in suka ɓace harshen ne ya yi asara, wannan kuwa aikinmu ne, ba na wani sashe ba. Ta biyu, a mai da ziyarar irin waɗannan wurare al'ada ta kowace shekara, ko Jos, ko Gidan Makama na Kano, ko gidan kayan tarihi na Kaduna, a kuma riƙa buga abin da aka gano a wannan mujalla. Ta uku, mu da ke fitowa daga ƙauyuka mu wayar da kan 'yan'uwanmu cewa abin da garma ta tono a gona kada a fasa shi, kada kuma a sayar wa dillali, a bar shi inda yake a sanar da hukuma.

Wanda ya gina kan Nok sunansa ya tafi har abada. Masu tukwanen Jos ma haka. Babban Gwani da Ladi Kwali sun tsira ne don an sami waɗanda suka riƙe sunansu. Akwai gwanaye da ransu yau a unguwanninmu, da laka a hannunsu, ba wanda ya taɓa tambayarsu kome. Mu je mu tambaye su tun suna iya ba da amsa. Allah ya sa mu dace, amin.